Don Me Muke Matsawa a Benci?

Littafin Firistoci sura 13 ya umarci Isra'ilawa su kai mai ciwon fata gaban firist. In an same shi marar tsarki, sai ya zauna shi kaɗai a bayan zango. Abin da ake kira kuturta a can ya haɗa har da tabon da ke fitowa a tufa. Dokar ta koya musu cewa ba a kusantar Allah Mai Tsarki da wasa.

Amma a Markus sura 1 Yesu ya taɓa kuturu da hannunsa. Ƙazanta ba ta kama shi ba, mutumin ne ya tsarkaka. A sura 7 kuma ya koyar cewa ƙazanta daga zuciya take fitowa.

To, don me muke matsawa in mai dungu ya zauna kusa da mu a sujada, alhali mai cin kuɗin baiko yana kujerar gaba muna ba shi hannu? Kuturta tana warkewa. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganinta kyauta, wanda ya sha kuwa ba ya sa wa kowa. Dattawan ikilisiya su fara cin tuwo kwano ɗaya da shi, mu gani.