Yadda Na Mulki Taurari Daga Kan Tabarmata

A wannan wata zan ɗan kauce daga abin da muka saba tattaunawa, in ba ki labarin wata sarauta da na yi ta dare goma sha ɗaya a kan tabarmar ɗakina, da yadda ta kaya.

Asalin maganar, a dogon hutun 2025 ne ƙanin maigida ya bar wa babban yarona tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Kada ki jira in faɗi sunansa, kin san ɗan fari. Shekarunsa 15. Tun daga ranar yaron nan ya zama kamar an dasa shi. In na leƙa, ba na ganin dambe ko tseren mota, sai baƙin allo da ɗige-ɗige masu haske da rubutu birjik. Har na yanke shawarar ƙwace na'urar in kulle a durowa. Abin da ya hana ni, na tuna sau nawa nake ce wa iyayen ɗalibaina a Islamiyya kada su yanke wa yaro hukunci kafin su ji ta bakinsa. Sai kawai na ja tabarma na ce, “Kai, matso ka koya mini.” Ya dube ni kamar na yi masa Sinanci.

Sunan wasan Stellaris. Wani kamfani ne mai suna Paradox a ƙasar Suwidin ya fitar da shi a watan Mayun 2016. Irinsa ba sabon abu ba ne, tun 1993 aka yi wani mai suna Master of Orion, kuma masu wannan harka suna taƙaita irin waɗannan wasanni da aiki huɗu: ki bincika sarari, ki faɗaɗa ƙasarki, ki ci amfanin abin da kika samu, sannan ki kawar da abokan hamayya. Wannan na huɗun ya tsaya mini a rai tun daren farko, amma na yi shiru.

Kafin a fara, sai kin ƙirƙiri al'ummarki. Ni dai na zaɓi wasu halittu masu kama da tsuntsaye, na ba su duniya mai busasshen yanayi irin namu. Daga nan sai ɗabi'a. Guda takwas ne, biyu-biyu suna kishiyantar juna: son yaƙi da son zaman lafiya, son baƙi da ƙyamar baƙi, mulkin danniya da daidaito, ruhaniya da dogaro da kimiyya zalla. Maki uku ake ba ki, in kika tsananta a ɗabi'a ɗaya ta cinye biyu. Yaron ya ɗauka ruhaniya zan zaɓa tunda malama ce ni. Da na karanta bayanin na ga addinin wasan ƙagagge ne, da ɗakunan bautarsa da bokayensa, sai na bar musu kayansu. Na zuba maki biyu a zaman lafiya, ɗaya a daidaito. Ya yi dariya ya ce, “Umma, za a cinye ki ɗanye.” Ya saita mana taurari 400 saboda kwamfutar ta tsufa, ya kuma sa tsarin da suke kira Ironman, wanda in kin yi kuskure ba a komawa baya a gyara. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Wasan yana farawa ranar 1 ga Janairun shekarar 2200. Abin da na mallaka duniya ɗaya, kumbon bincike ɗaya, kumbon gini ɗaya, da ƙananan jiragen yaƙi uku. Taurarin a haɗe suke da hanyoyi kamar garuruwa a kan titi, ba a tsallake wani sai an bi ta wani. Kumbon bincike ya je ya duba tauraro, na gini ya bi bayansa ya kafa sansani, shi ke nan wurin ya zama naki.

Uwargida, abin da ya ba ni mamaki shi ne rabin wasan nan cefane ne. A saman allo an jera abin da ke rumbu: makamashi wanda shi ne kuɗinsu, ma'adinai, abinci, kayan masarufi, da narkakken ƙarfe na ƙera jirage. Kowane wata ana nuna miki abin da ya shigo da abin da ya fita. A nan na fi malamin nawa. Shi burinsa jirage, ni kuwa da na ga lambar abinci ta fara ja sai in dakatar da komai in buɗe gona. Duk macen da ta taɓa jan buhun masara ɗaya ya kai ƙarshen wata ba za a koya mata wannan ba. Har kasuwa akwai, kuma kamar tamu take, kina yawan sayen abu farashinsa yana hawa.

Dare biyu na farko daɗi kawai na sha. Masana kimiyyata suna tono kufan wasu al'ummu da suka shuɗe, suna aiko da rahoto. Da aka ɗauke wuta a dare na biyu muka fita tsakar gida shan iska, na nuna masa taurarin gaske, na ba shi labarin Zara matar wata da kaza da 'ya'yanta kamar yadda kakata ta ba ni. Shi kuma ya gaya mini tauraron da ya fi kusa da ranarmu, haskensa sai ya yi tafiyar fiye da shekara huɗu kafin ya iso mana. Rabon da mu yi hira mai tsawon wannan, ni da shi, na manta.

A dare na uku na ce ya nuna mini tasa daular. Ya yi ta noƙe-noƙe, daga baya ya buɗe. Daula ce ƙatuwa, ta ninka tawa sau biyar. Ya zaɓi son yaƙi da mulkin danniya, kuma duk al'ummar da ya ci da yaƙi ya mai da ita bayi a ramukan ma'adinai. Ki sani, uwargida, wasan yana ba da wannan dama, har ma da damar korar wata al'umma ko shafe ta baki ɗaya, gwargwadon ɗabi'ar da aka zaɓa. Ba a nuna jini, ba a jin kuka, lamba ce kawai take raguwa a allo. Na yi masa faɗa sosai. Ya ce, “Umma, ai ba mutane ba ne, lambobi ne.” Na ce hannun da ya saba danna wannan maɓalli ba tare da zuciya ta motsa ba, ina jin tsoronsa. Na kwanta ina jin na yi tarbiyya.

Mu koma tawa daular. A 2214 na fara gamuwa da maƙwabta. Ba a fahimtar juna nan take, sai an tura jakada ya yi ta warware harshensu. Na farko wasu ne masu kama da dodon koɗi, mazauna duniyoyin ruwa, masu sanyin hali. Muka ƙulla ciniki. Na biyu wasu 'yan kasuwa ne daga gabas, masu ƙafafu da yawa, da ban so kamanninsu ba. Sun nemi mu yi yarjejeniyar shige da fice tsakanin jama'armu na ƙi, ba don komai ba sai don ƙyanƙyami. Na uku kuwa, bayan dodon koɗi suke, masu kama da ƙadangare. Irin daular nan ce da wasan ya ƙera ba ta sulhu da kowa, aƙidarta duk wanda ba jinsinta ba a shafe shi. Saƙonsu na farko zagi ne. Yaron ya ce in tara jirage. Na ce tsakanina da su akwai ƙasa guda, me ya yi zafi? Na kafa sabbin matsugunai uku, na ci gaba da noma da karatu.

A 2261 ƙadangarun suka auka wa dodon koɗi. Ni da na tsananta a zaman lafiya, dokar ƙasata ba ta ba ni damar kai wa kowa hari ba sai kare kai, kuma ban ƙulla yarjejeniyar tsaro da su ba don tsoron a ja ni cikin rigima. Ina ji ina gani launinsu yana raguwa a taswira. Sai saƙonni suka fara shigowa: 'yan gudun hijira sun sauka a duniya kaza. Na farko na yi murna, na ce wa yaron, “Ka gani? Baƙonka annabinka.” Na biyu ma haka. Amma abin bai tsaya ba. Yanayinmu bai karɓe su ba, don haka ɗawainiyarsu ta fi amfanin aikinsu. Gidaje suka kasa, marasa aikin yi suka ƙaru, jama'ata suka fara guna-guni. Rumbun abincin da na yi shekara sittin ina tattali ya fara zurarewa. Na shiga kasuwa ina saye, farashi yana gudu ina bin sa, har kuɗin da na ware don sansanin kan iyaka ya tafi a hatsi. An ce baƙo raɓa ne, waɗannan kuwa ba su da gidan komawa.

A dare na tara, shekarar wasa 2268, na buɗe shafin dokoki. Zaɓi uku ne game da 'yan gudun hijira: a karɓi kowa, a karɓi jinsunan da ke da cikakken 'yancin ɗan ƙasa kaɗai, ko kada a karɓi kowa. Raina a ɓace yake, miya tana kan wuta, ƙaramar tana kuka. Ban tsaya karanta na tsakiyar ba, na danna na ƙarshe. Yaron ya ce, “Umma, in kin canja doka sai bayan shekara goma za ki iya sake taɓa ta.” Na ce na ji. Ya ce, “To su waɗanda ke hanya fa?” Wallahi abin da ya fito daga bakina shi ne, “Kai, rabu da ni, lissafi ne bai fita ba.” Bai ce komai ba. Ni ma sai da na je sauke miya na ji abin da na faɗa.

Kuma lissafin ya fita, a nan gizo yake saƙar. Cikin shekara uku abinci ya dawo kore, guna-guni ya kwanta. Wasan bai hukunta ni ba, bai ma ɗaga mini gira ba. Ina da ɗalibai a ajina waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukansu da kayan jikinsu kawai, wasu gidaje a unguwarmu suka matsa suka ba su ɗaki. Washegari da nake biya musu karatu, sai na kasa haɗa ido da su, a kan abin da na yi wa zanen dodon koɗi.

A 2274 ƙadangarun suka gama da maƙwabtana suka iso kaina. Sansanin da ke mashigar ƙasata, wanda na cinye kuɗinsa a kasuwa, bai yi wata biyu ba. Jiragena goma sha biyu suka narke. Suka sauke sojoji a matsugunina na uku, wanda na fi so, na kuma sa masa sunan garin kakata. Suka fara shafe tsuntsayena. Na ce wa yaron, ai waɗanda suka tsira za su gudo gida. Ya nuna mini shafin dokoki da yatsa. Dokar ba ta ce ban da naki ba. Da na tsakiyar na zaɓa da sun shigo. Na danna, na sake dannawa, maɓallin a daskare, sai 2278.

Shi ne ya bi jerin jinsuna ya gano inda suka nufa. 'Yan kasuwar gabas ne suka karɓe su, masu ƙafafun nan da na ƙi haɗa jama'a da su. Na jira ya rama faɗan da na yi masa a dare na uku, don ya samu dama har da ƙari. Sai ya ce, “Umma, in dakatar?” Na ce dakatar.

Ga wadda ɗanta ke irin wannan wasa, ga abin da idona ya gani. Na kuɗi ne, kuma bayan an saye shi akwai ƙare-ƙare masu yawa da ake sayarwa daban-daban, don haka ki san inda katin banki yake kwana. A abin da na buga ban ga tsiraici ba. Karatun Turanci ne mai yawa da lissafi, wannan kam riba ce. Babban ɓarawon shi ne lokaci. Shekarun wasan suna tafiya har 2500, ni a dare goma sha ɗaya shekara 75 kawai na ci, kuma kullum akwai wani abu da saura kaɗan ya kammala. Amma maɓalli ɗaya ke tsayar da komai cak in mutum shi kaɗai yake bugawa, saboda haka “bari in ƙarasa” ba hujja ba ce idan an kira salla ko an aike shi. Mu dai mun tsayar da awa ɗaya da rabi bayan isha'i, a falo, allo yana kallon kowa. Maigida da ya yi ta yi mana tsiya, shi ma daga baya an kama shi yana tambayar yadda aka kwana da ƙadangaru.

Bayin da ke daular yaron suna nan, bai 'yanta su ba, ni kuma ban sake ɗaga maganar da irin muryar da na ɗaga ta da farko ba. Mun dai yi ta, a zaune, ya faɗi nasa na faɗi nawa, ya ce zai fara sabuwa ya gwada ko ana iya girma ba tare da su ba. Tawa kuwa tana nan a watan Maris na 2275, da duniya uku da jirage biyu, ƙadangaru suna bakin ƙofa. Ranar da zai koma makarantar kwana ya naɗe kwamfutar a cikin tsohon zanena ya ɗora a saman durowa, ya ce, “Umma, don Allah kada ki taɓa sai na dawo, saura shekara uku a buɗe dokar, kuma ke ba ki iya yaƙi ba.”

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.