Ruwan Ɓera Ba Maganin Mutum Ba Ne

Akwai wata talla da ta yi yawa a nan Ikko, ta ruwan gora mai tsada wanda wai an cire masa tsami, wai yana gyara ciki yana korar ciwon sukari. In ka matsa da tambaya sai a ce maka ai Turawa sun gwada. To, bari mu duba abin da aka gwada ɗin.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A gidajen kiwon ɓerayen gwaji na Amurka, irin su Jackson da ke Jihar Maine, da gangan ake ɗiga asid a ruwan shan ɓerayen don kashe wata ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas. Tsamin yakan kai 2.5 zuwa 3 a ma'aunin pH, kusan na lemun tsami ke nan, alhali ruwa zalla 7 yake, domin lambar tana raguwa tsami yana ƙaruwa.

A shekarar 2014 ƙungiyoyi biyu na masana a Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi, inda suka ba ɓerayen da ke gadon ciwon sukari wannan ruwa, wasu kuma aka ba su ruwa marar tsami. Duka biyun sun tarar ƙananan halittun da ke zaune a hanjin ɓerayen sun sauya. Amma masanan Alabama suka ce ruwan tsamin ya rage ciwon, ɗaya ƙungiyar kuwa ta ce gaggauta shi ya yi. Shekara ɗaya, irin ɓera ɗaya, amsa biyu!

A ganina darasin a fili yake. In masana masu na'urori sun saɓa a kan ɓeran da ke cikin keji, wanda su ke auna cinsa da shansa, ina mai talla ya samo tabbaci a kan cikin ɗan Adam? Balle ma tumbin mutum da kansa ya fi yawancin abin da muke sha tsami, duk ruwan da ya shiga sai ya gauraya da shi.

Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta ce 6.5 zuwa 8.5 ya wadatar. Abin da ya kamata ya dame mu a Agege da Idi-Araba shi ne tsabtar ruwan, a tafasa shi in ana shakka. Mai ciwon sukari kuwa, don Allah kada ya ajiye maganin likita saboda gorar ruwa, kuɗin guminsa su tafi, lafiya ta bi su. Allah ya kiyashe mu, amin.