Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka



Ya ku malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Kankiya da Kusada, maganarmu ta yau a kan wani irin bincike ne da ya yi ƙarfi a jami'o'in zamanin nan, watau a tara masu fanni daban-daban a kan mas'ala guda. Masanin tarihi, da masanin harshe, da mai binciken kufai, da mai awon ƙarfe, kowa ya kawo abin da ya gano, sa'an nan a gwama. Waɗansu suna zaton wannan sha'anin 'yan boko ne, babu ruwan mai allo. Mu kuwa muna ganin lalle da ruwanmu, gama babban kaso na kayan aikin yana cikin gafakarmu.

Tun asali ilmin zaure bai tsaya kan fanni guda ba. Ba a shiga tafsiri sai da nahawu da lugga, ba a raba gado sai da hisabi, ba a tsai da alƙibla sai da sanin taurari. Ku tuna da Shehu Muhammadu al-Katsinawi al-Fulani, ɗan ƙasar nan, wanda ya haɗa ilmin Larabci da hisabi da falaki, ya yi hajji, ya zauna Alƙahira, ya rasu can a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti. Ɗan mai gidan, Abdurrahman, ya sa labarinsa cikin tarihinsa na Masar, shi ya sa sunansa bai ɓace ba.

A zamaninmu kuma ga marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, maƙwabcinmu. Da ya tashi rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, bai wadatu da takardun Turawa ba. Ya bi garuruwa ya zauna gaban dattawa, ya duba rubuce-rubucen malamai, ya auna wannan da wancan, har littafin ya fito a Zariya a 1981. Da dattawan sun rufe masa ƙofa, da aikin ya gurgunce.

Ga kuma Durɓi Takusheyi ta ƙasar Mani. An tona tsibin kushewun sarakunan dā a 1907, aka sake a 1992, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka auna. Tonon kushewa abu ne mai nauyi, ba shi muke kira gare shi ba. Amma ku dubi abin da awon ya nuna: tasoshin tagulla na ƙasashen Musulmi na gabas, da wuri, da kayan zinariya da na hauren giwa, waɗanda suka haura shekara ɗari biyar. Ashe fatauci mai nisa ba jiya ya fara a ƙasar Katsina ba. Mai tarihi shi kaɗai ba ya iya sa tasa ta yi magana, mai awo kuwa ba ya san sunan wurin da labarinsa sai ya tambayi dattawa.

To, mu fa? Ƙasarmu tana kan hanyar Kano da Katsina, hanyar fatake da almajirai. A gidajen malamai akwai littattafan hannu, a ƙarshensu mai kwafi ya sa sunansa da na malaminsa, wani lokaci har da shekara. A gidajen attajirai akwai wasiƙu da takardun bashi cikin ajami. Malami ne zai karanta hannun, mai kasuwa ne zai san mudu da farashin, mai binciken takarda kuma ya ɗaga ta ga haske ya ga tambarin da ke cikinta, ya kintaci zamaninta. Kowa ya janye hannunsa, jinka ta faɗi. Ga gara da ɗigon damina ba su jiran kowa, magada kuma da yawa sun daina karanta ajami.

Mun san abin da ake tsoro, kuma tsoron yana da dalili: kada a karɓi littafi a tafi da shi, ko a kwashi ilmin mutum a manta da sunansa. Saboda haka ga shawararmu. Kada a sayar da littafin gado. In mai bincike ya zo, daga jami'ar Katsina ko ta Dutsin-ma, ko daga Gidan Arewa na Kaduna wanda aka kafa a 1970, a nemi shaidarsa ta hannun hakimi ko dagaci. A ɗauki hoton littafin a gaban mai shi, a bar masa abinsa tare da kwafi, a rubuta sunan gidan, kuma a ambaci malamin da ya fassara a matsayin abokin aiki. Attajirai su taimaka da akwatunan ajiya, malamai su dage da koya wa almajirai karatun tsofaffin hannuwa.

In muka yi haka, tarihin ƙasarmu zai fito da muryarmu a ciki. In muka ƙi, za a rubuta shi duk da haka, ba mu kusa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu riƙe amanarsu, amin. Haza wassalamu.