Tsibirin Lete: alƙali ya fi bindiga araha

Daren jiya a fadarmu ta Sabon Gari, ana shan shayi, wani aboki ya ce wai duk ƙasar da ta kai rikicin iyaka kotun duniya ta La Haye, ta sayar da 'yancinta. Kowa ya tafa. Ni ban tafa ba, ga dalilina.

Ku tuna da Lete, tsibirin nan na kogin Isa a yankin Gaya. Tun 1960 Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, suke ja-in-ja a kansa. A ƙarshen 1963 abin ya yi tsami, har gwamnatin Diori Hamani ta kori 'yan Dahomey masu aiki a ƙasar nan. Shekara arba'in ana kumfar baki. Sai a 2001 ƙasashen biyu suka yarda su je gaban alƙali. Ran 12 ga Yulin 2005 kotu ta yanke hukunci: iyaka ta bi inda ruwa ya fi zurfi a hanyar jirage. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Kowa ya karɓa. A 2013 ma haka muka ƙare da Burkina Faso.

Na san za ku ce da takardun Faransa aka yi shari'ar. Gaskiya ne, ni ma yana mini ciwo. To amma in mun yar da takarda, me ya rage? Ƙarfi. Ranar ƙarfi kuwa ba ɗiyan manya ake turawa bakin daga ba, ni da kai ne.

Manomin Jiratawa in ya saɓa da maƙwabcinsa kan gambar da ta raba gonakinsu, wurin mai gari suke zuwa, in ta ƙi su wuce fadar sarki. Akwai wanda ya taɓa ce masa rago?

Yau fa? Tun 2023 gadar Gaya da Malanbil take rufe. Kayan da ke biyowa ta Kwatano sai sun yi zagaye, mu kuma muna biyan kuɗin zagayen a kasuwar Maradi. Wannan ba rikicin shata iyaka ba ne, na sani, amma maganin ɗaya ne: a zauna gaban wanda duka biyun suka amince da shi, kowa ya baje hujjarsa.

Ƙasashen da suka raba tsibirai 25 da takarda ba za su ce mana gada ɗaya ta gagare su ba. 'Yan uwa, mu daina tafa wa masu zuga, mu tambayi shugabanni yaushe za a zauna.