ƘASAR GONA TANA BIN KUBANNI, LAIFIN WA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa, abu guda mu ke roƙonku. Ran da aka kwana ana ruwa cikin watan Agusta, ku je ku tsaya bisa gadar Kubanni ku dubi abin da ke wucewa. Za ku ga ruwa ja, mai kauri kamar kunun kanwa. To, wannan ja ba na ruwa ba ne. Ƙasar gonakin Samaru ce da ta ƙauyukan da ke kewaye da ita, ta kama hanya za ta Galma, daga Galma sai kogin Kaduna, kuma ba ta dawowa. Abincin 'ya'yanmu ke nan ya ke wucewa ƙarƙashin gada muna kallo.

Duk ran da aka ta da maganar zaizayar ƙasa, amsar manya guda ce: wai talaka jahili ne, ya sare itace, bai iya noma ba. Turawa sun faɗa, En'e ta maimaita, waɗanda suka gaje su ba su sake baki ba. Mu kuwa mun ce ƙarya ne, kuma shaidarmu tana nan Samaru a rubuce.

Kafin jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kafin a kafa Sabon Gari, kakanninmu sun san yadda a ke riƙe ƙasa da ruwa. Su kan gicciya kunya ta tare gangare. Su kan bar gamba a iyakar gona ta tsai da laka. Ba su sare ɗorawa da kaɗanya. Su kan haɗa gero da dawa da wake a gona guda, don in an yanke wannan, wancan ya rufe ƙasa. Da kaka Fulani su sauka da shanu su ci kara su bar taki, jakuna su kwaso shara da toka daga gari. Gonar da ta gaji a bar ta saura ta huta. Da rani a gangara fadama a ja ruwa da jigo. Wane Bature ya koya musu wannan?

A 1922 Gwamnatin Turawa ta kafa gidan gona a Samaru don binciken aikin noma na Arewa. Kada a ruɗe ku, ba tausayin cikinmu ya fara kawo su ba. Masaƙun Ingila na bukatar auduga, ana kuma son gyada ta cika jirgi. Talaka ga haraji a wuyansa, tilas ya shuka abin da zai kawo sule. Ita kuwa auduga, manomi ba ya waiwayarta sai ya gama da hatsin da zai ci, saboda haka gonarta ta kan zauna tsirara sa'ad da ruwa ya ke da ƙarfi. Wajen 1928 aka kawo noma da shanu, amma galibi masu sarauta da masu hali suka fara samun bashin shanu da garma. Haraji bai bar mutum ya hutar da gona ba, kuma sai a 1979 aka soke shi a Jihar Kaduna. Ashe wanda ya gajiyar da ƙasa daban, wanda a ke zagi daban.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, ko daga bakin wa ta fito. Cikin masanan Samaru akwai waɗanda suka yi aiki tsakani da Allah, kafin 1962 da wurin ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma bayan nan. Sun auna sun ga Samaru ta kan sami ruwa inci 40 da ɗoriya a shekara, watau ba ƙarancin ruwa ke damunmu ba. Ciwon shi ne ƙasar nan mai laushi ce, da yawanta ƙura ce da iska ta tara shekaru aru-aru. In ruwa mai ƙarfi ya doke ta tana tsirara, sai fuskarta ta toshe ta yi ɓawo, ruwa ya kasa shiga, ya bi gangare ya ɗebi ƙasa ya tafi.

Wani masani, D. A. Lawes, ya gwada datse kwarin kunya da 'yar ƙasa nan da can, don ruwa ya tsaya ya nutse inda ya sauka. A 1961 ya buga sakamako, cewa tsare ruwan sama a gona yana ƙara amfanin auduga, daga baya ya gwada da dawa da gyada. Wani kuma, J. M. Kowal, ya auna ruwan da ke gudu da ƙasar da ke tafiya daga filayen Samaru, aka buga a 1970. Darasin bai ɓuya ba: ƙasa tsirara ita ruwa ke kwasa, wadda a ka rufe ta kan zauna.

Ga wanda ya fi duka. Shekara da shekaru malaman gona suna hana mu haɗa shuka, wai aikin duhun kai ne, a shuka abu guda bisa layi. Sai a 1966 da 1967 David Norman da abokan aikinsa suka zauna a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna lissafin kowace gona. Me suka samu? Mafi yawan gonaki haɗin shuka ne, kuma mai haɗawa ya fi mai shuka guda samun riba a eka, ya kuma fi shi tsira in damina ta yi gardama. Jama'a, Hanwa fa, nan bakin Sabon Gari! Sai da aka yi shekara arba'in da 'yan kai ana bincike kafin a yarda mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

To, tun da an sani, me aka yi? Fari ya zo a 1973 ya nuna wa kowa darajar ɗigon ruwa. Gwamnati ta yi shelar ciyar da ƙasa a 1976, wata ta zo da nata shirin a 1980, aka zuba kuɗi a takin zamani. Ba mu ƙi taki ba. Amma wanda ya zuba taki a gonar da ruwa ke wankewa, Kubanni ya yi wa hidima. Dalilin da ya sa manya suka fi son taki a fili ya ke: buhu ana ba da kwangilarsa, ana rabonsa gaban 'yan kallo, ana karkatar da shi da dare. Datse kunya kuwa ba kwangila cikinsa, ba kamasho. Don haka aka bar kunyar gona ta rushe, su kuma ba su ji kunya ba.

Ko madatsar ruwan da aka gina kan Kubanni a 1973 don jami'a ba ta tsira ba. Masanan jami'ar da kansu sun auna sun ga laka tana cike ta. Gonaki sun zama filoti, kwazazzabai suna cin bayan gari, ana haƙar yashi a gaɓar rafi ba mai tsawatawa.

Kada ɗan kasuwa ya ce wannan maganar manoma ce. Ke mai awo a kasuwar Sabon Gari, in gona ta mutu mudu ya tashi, wa zai saya? Kai mai tireda, cinikinka na bayan kaka daga aljihun wa ya ke fitowa? Ƙasar da ta bar gona ita ke toshe lambatu ta turo ruwa cikin rumfarka. Gona da kasuwa uwa ɗaya ta haife su.

Wasu za su ce talaka ba ya jin magana sai da bulala. An gwada. A Tanganyika, Tanzaniya ta yau, Turawa sun tilasta wa mutanen duwatsun Uluguru gina matakalar gona, har tarzoma ta tashi a 1955, shirin ya watse. A Amurka kuwa, da iska ta kwashe gonakinsu, sun kafa hukumar tsare ƙasa a 1935, suka riƙa biyan manomi don ya kiyaye gonarsa. Nasu a biya shi, namu a ci shi tara!

Ku dubi 'yan'uwanmu na Maraɗi. Tun daga 1983 suka shiga barin tohon itace a gona suna gyara shi, abin da su ke kira sassabin zamani. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na ɗan gandun daji ba, sai gawo ya dawo, har an ƙiyasta fili kamar hekta miliyan 5 ya farfaɗo a Nijar. A yankin Tawa da 'yan ramukan tassa suka rayar da faƙo. Ruwansu bai kai namu ba, gidan gonarsu bai girmi namu ba. Me ya hana mu?

Ga abin da mu ke nema, ba kuwa roƙo mu ke ba. Na ɗaya, ilmin Samaru ya tsallako waya, a kafa gonar gwaji a kowace gunduma, a yi bayani da Hausa. Na biyu, cikin kuɗin taki a ware rabo a biya masu gayyar toshe kwazazzabo da dasa gamba da jema. Na uku, tun da dokar 1978 ta sa ƙasa a hannun Gwamna, a ba ƙaramin manomi takardar gonarsa ba tare da wahala ba, don ba mai dasa itace a gonar da za a yanka filoti gobe. Na huɗu, a shata inda za a ɗebi yashi nesa da gonaki da gadoji.

Mu ma da namu. Kada mu jira su. Mu gicciya kunya, mu datse kwarinta da farkon damina, mu buɗe in ruwa ya yi yawa don kada shuka ta jiƙe. Mu daina ƙone kara. Duk mai neman ƙuri'a da ya zo da buhun taki, mu kai shi bakin kwazazzabo mu tambaye shi: ina ƙasar da za a zuba shi?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu jin kunya. Amin.