A amsa wa ɗaliban Sakkwato tambayoyinsu kan nukiliya

Ra'ayin wannan jarida shi ne lokaci ya yi da makarantun sakandaren Sakkwato za su daina tsallake darasin nukiliya, ko su taƙaita shi ga haddar jarrabawa. Yaran unguwanni irin su Ƙofar Dundaye ba labarin bam ɗin Hiroshima kaɗai suke so ba. Tambayarsu ta kusa ce: me ya sa mai ɗaukar hoton ƙirji yake laɓewa bayan bango kafin ya danna inji? Yaya gashin da ake yi wa masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake kashe cuta ya bar mutum? Ƙarfen sabis na bayan gida fa, yana da illa irin ta yuraniyam ɗin Arlit? Amsar ta ƙarshe a'a ce, domin hasken rediyo ba ya da ƙarfin fasa ƙwayar halitta. Amma in malami ya yi shiru, WhatsApp zai amsa, kuma mun ga irin amsarsa lokacin ruɗanin 5G a 2020.

Abin takaici, kayan koyarwar na kusa. Tun 2004 tukunyar nukiliya ta bincike take aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ga kuma malaman fizis a jami'ar da ke nan gida. Ya kamata ma'aikatar ilimi ta jiha ta sayi na'urorin auna hasken nukiliya ta raba wa makarantu, ta riƙa gayyato likitocin gashi su shiga aji, sannan ta ɗauki nauyin kai ɗalibai, mata da maza, ziyara Zariya kowace shekara.