Mdou Moctar ya rage ƙarar jita, saura mu mu buɗe kunne

Tun da faifan Tears of Injustice ya fito a ƙarshen watan Fabrairun 2025, da wuya yini ya wuce ban saurare shi ba. Na daɗe cikin masoyan ƙungiyar Mdou Moctar, kuma na san abin da ƴan uwana malaman lakwal da iyaye ke cewa in sun ji kukan jitarsa: hayaniya ce kawai, irin abin da ke raba yaro da littafi. To wannan karon hujjar hayaniya ta faɗi. Waƙoƙin faifansu na watan Mayun 2024, Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, su ne suka sake bugawa da jita marar lantarki, a natse, kamar ana hira a tsakar gida bayan isha'i.

Yadda faifan ya samu ma labari ne. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya riske su suna zagayen wasa a Amurka. Aka rufe iyakoki, ƴan Nijar ukun da ke cikin ƙungiyar suka rasa hanyar gida, sai suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a birnin Niyok. Ni dai in na kasa kunne, kewar gida nake ji a muryar.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ɗan jihar Tawa, daga wajejen Cintabaradan da Abalak. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, sai ya sassaƙa jitarsa ta farko da itace da wayoyin birkin keke. Bahago ne. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma salula zuwa salula ya bazu har ya ƙetare hamada. Yau kamfanin Matador na Amurka ke fitar da aikinsa, tare da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar ƙasa. Galibin wannan tafiya da harshen Tamashek ya yi ta, bai koma faransanci ko turanci don a saye shi ba.

Nan ne maganar ta shafe mu. Waƙar Imouhar, wadda na fi ƙauna a faifan biyu, kira ce ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace a bakin ƴaƴansu. Bahaushe zai iya cewa ina ruwana, tunda kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, faransanci ya koma harshen aiki. Na yi murna da hakan kamar kowa. Amma manyanmu ba su manta da sambol ba, abin nan da mushe ke rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa a lakwal, ya yini da shi cikin kunya har ya kama wani. Yanzu da harshenmu ya hau sama, wa zai hana mu zama masu rataya wa wasu sambol ba da igiya ba? A Tawa, a Maraɗi, a Damagaram, akwai yaran Abzinawa da Fulani da Barebari a azuzuwanmu da ke haɗiye harshensu don kada a yi musu dariya a filin wasa. Malami na ganin wannan in yana so ya gani.

Ba na jayayya da uban da ya ce addininsa ya sa ba ya son kiɗa a gidansa, gidansa ne. Maganata da wanda ya bar salula a hannun ɗansa ce, cike da waƙoƙin da shi kansa bai san abin da suke faɗa ba, sannan ya ƙyamaci ɗan ƙasarsa da ke waƙa kan talaucin mutanen karkara da yadda Faransa ta ci moriyar ƙasar nan, kamar a Oh France. Wannan ai tuya ce aka manta da albasa.

Ga malamai kuwa, abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar ko dala. A saka Imouhar ta sabon faifan a aji, minti kaɗan. A nemi yaro mai jin Tamashek ya bayyana wa sauran abin da ya fahimta, in ya iya ya rubuta sunansa a allo da baƙaƙen tifinar. A nuna musu akwai waƙa mai suna Takoba, a tambaye su wace kalmar Hausa ta yi kama da ita, su gano da kansu daɗewar cuɗanyarmu.

Da za a ce in zaɓi ɗaya, mai ƙarar zan ɗauka, don a nan jitar Mdou ke gudu kamar raƙumin sukuwa, gangunan Souleymane na binta a baya. Amma wanda zai fara, ya fara da na 2025. In kunne ya saba, sai ya koma na 2024, ya ƙara murya, bayan ya tabbata maƙwabta ba su kwanta ba.